Darasi na 7: Sauya Kilif a Wayar Jan Wuta

Mota ta ƙi tashi. An murɗa makulli, sai "kat-kat-kat" kawai ake ji, alamar batir ya yi sanyi. An samu wani bawan Allah ya matso da tasa motar, an maƙala wayar jan wuta, wato wadda ake haɗa batir da batir da ita, an sake murɗawa, shiru. Sai mai waya ya ce ai wayar ce ta mutu, ya jefar da ita ko ya sayar wa 'yan gwangwan.

Sau da yawa wayar lafiyarta ƙalau. Abin da ya lalace shi ne kilif, wato ƙarfen nan mai baki da haƙora da ke cizon kan batir. Guda huɗu ne a jikin wayar, ja biyu, baƙi biyu. Waya mai kauri ta jan ƙarfe tana da tsada, kilif kuwa kuɗinsa bai kai nata ba, kuma sauya shi aiki ne da za ka iya yi da hannunka a ƙofar gida.

Inda wuta ke ɓacewa

Batirin ƙaramar mota volt 12 ne. Wannan ƙarfi kaɗan ne, shi ya sa ba ya jan mutum idan ya taɓa kan batir. Amma yawan wutar da sitata, wato na'urar da ke fara juya inji, ke zuƙa a lokacin tada inji babba ne. Ƙaramar mota mai fetur tana iya jan amfiya 150 zuwa 200 (amfiya ma'aunin yawan wuta ce), injin dizal kuma ya kan ninka haka. Duk wannan wuta sai ta bi ta wuri biyu masu ƙunci: inda haƙoran kilif suka ciji kan batir, da inda waya ta haɗu da jikin kilif.

Mu yi ɗan lissafi. A ce amfiya 300 na wucewa, kuma mahaɗa ɗaya ta yi sako-sako har tana cinye volt 3. Cire 3 daga 12, saura 9. Da volt 9 sitata da ƙyar za ta juya inji. To ina volt 3 ɗin ya tafi? Zafi ya zama. 300 sau 3 ya ba da wat 900, kusan zafin dutsen guga na lantarki, duk a wurin da bai fi kan yatsa ba. Shi ya sa za ka ga roba ta narke a wuyan kilif alhali tsakiyar wayar da sanyinta. Ka riƙe wannan, domin duk abin da za mu yi a darasin nan don a samu mahaɗa mai tsabta, matsattsiya ne.

Kilif ya isa canji idan sifirinsa ya saki har ba ya cizo da ƙarfi, ko haƙoransa sun cinye, ko wani abu kore ko fari ya taru a kansa har ya ci ƙarfen, ko kuma silin waya sun fara tsinkewa a wuyansa. Idan datti ne kawai a haƙora, goga shi da samfefa ya wadatar, ba sai ka kashe kuɗi ba.

Fara duba wayar

Kafin ka je kasuwa, yanke tsohon kilif ka dubi cikin wayar. Akwai wayoyin da robarsu ke da kauri kamar me, amma ƙarfen ciki ɗan siriri ne. Kauri na roba ba ya ɗaukar wuta. Sannan ka kankare sili ɗaya da wuƙa. Idan ja ne har ciki, jan ƙarfe ne na gaske. Idan saman ne kawai ja, cikin fari, to alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Alminiyam yana ɗaukar kamar kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi zai ɗauka, kuma yana saurin karyewa. A ganina asarar kuɗi ce ka sa kilif mai tsada a kan siririyar waya irin wannan. Gara ka sayi wayar walda mai laushi, ka haɗa taka tun daga farko.

Karanta lambar da aka buga a jikin roba. Idan ka ga 16, 25 ko 35 tare da alamar mm², kaurin ƙarfen ciki ke nan, kuma mafi girman lamba ita ce mafi kauri. 16 ta ishi ƙaramar mota mai fetur, 25 ta fi dacewa da babbar mota ko ƙaramin injin dizal, 35 kuma ta manyan injuna ce. Wayoyin da suka zo da lambar Amurka kuwa a juye suke: 2 ta fi 4 kauri, 4 ta fi 6, mai lamba 10 kuma siririya ce ƙwarai. Kada wannan ya ruɗe ka.

Sayen sabon kilif

Ka tafi da guntun wayar da ka yanke, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano za ka saya, ko a Panteka ta Kaduna, ko a shagon kayan mota na garinku. Gwada shi a makwancin waya na kilif ɗin ka ga ko zai zauna daidai. Ka sa ɗan maganaɗisu a aljihu. Idan ya manne wa haƙoran, baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan ja, zai yi aiki amma ba da daɗewa ba zai yi tsatsa. Jan ƙarfe da tagulla ba sa kama maganaɗisu. A haƙora za ka gwada, ba a sifirin ba, domin shi sifirin dole baƙin ƙarfe ne.

Matsa hannun kilif ɗin. Mai kyau sai ka sa ƙarfi kafin ya buɗe baki. Leƙa cikinsa kuma: kilif na aiki mai nauyi yana da wata saƙaƙƙiyar waya da ta haɗa leɓen sama da na ƙasa, don wuta ta bi ta duka biyun. Wanda ba shi da ita, leɓe ɗaya ne ke ɗaukar kusan dukan aikin. Lambar da aka rubuta a kwali, 500A ko 1000A, wato amfiya 500 ko 1000, karanta ta amma kada ka dogara da ita kaɗai. Nauyin ƙarfen a hannunka ya fi rubutun kwali gaskiya.

Kayan aiki ba su da yawa: wuƙa mai kaifi, filaya babba, guduma, sifana ƙarama, samfefa, da baƙin tef na masu wayarin. Idan akwai mai riwaya kusa da kai da ke da abin matse kan waya, ara ko ka kai masa ya matse maka, ya fi guduma kyau.

Aikin kansa

Wayar kada ta kasance a jikin kowane batir. Yanke ta a bayan tsohon kilif, ka duba silin. Idan sun yi baƙi ko kore, ƙara yankewa baya har ka kai inda suke ƙyalli. Rasa ɗan tsawo ba komai ba ne.

Yanzu zura robar hannun sabon kilif a jikin wayar, ka tura ta baya. Yi wannan tun kafin komai. Wanda ya manta, sai ya gama matsewa zai ga robar a ƙasa, kuma ba ta shiga ta gaba.

Dubi makwancin waya a hannun kilif. Yawanci akwai kunnuwa biyu-biyu: na gaba don su riƙe tsirarar waya, na baya don su riƙe roba. Auna tsawon kunnuwan gaba, yawanci bai wuce santimita 2 ba, ka feƙe roba daidai haka. Zagaya wuƙa a hankali, ka lanƙwasa wayar robar ta tsage da kanta, sannan ka zare. Kada wuƙa ta ci silin. Haka kuma idan waya ta yi wa makwanci yawa, kada ka rage silin don ta shiga. Duk silin da ka yanke, hanyar wuta ka rage. Koma ka canzo kilif mai girma.

Goge makwancin da samfefa har ya yi haske, ko da sabo ne, domin wasu ana shafa musu fenti ko mai. Murɗa silin kaɗan su haɗu, ka kwantar da su. Lanƙwasa kunne ɗaya a kansu da filaya, ka danne, sannan ka kawo ɗayan bisa na farkon. Ɗora wurin a kan ƙarfe mai tauri, ka sa wani guntun ƙarfe mai dakusasshen kai a tsakiyar kunnuwan, ka buga da guduma har su nutse cikin silin. Nan ne zuciyar aikin, kada ka yi sauri. Abin da ake so shi ne silin su dunƙule, babu iska a tsakaninsu. Amma kada ka yi ta bugu har kunnen ya tsage. Bayan haka ka matse kunnuwan baya a kan roba. Su ne ke ɗaukar wahala idan an fizgi waya, shi ya sa wanda ya bar su a buɗe zai ga silin na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

Wani kilif ɗin da noti ake ɗaure shi. Irin wannan sai ka matse kan waya mai huda a bakin wayar, ka ɗora a kan ƙarfe mai tsabta, ka sa washa, ka ɗaure tam da sifana. Kada ka naɗe tsirarar waya a jikin noti, silin za su baje su zame.

Sai maganar dalma, wato ƙarfen da ake narkawa don liƙe mahaɗar waya. Masu gyara da yawa suna son zuba ta, kuma ba laifi idan an riga an matse. Amma dalma ita kaɗai ba ta isa ba. Ta gama-gari tana narkewa tun zafi bai kai digiri 200 ba, ka kuwa ga irin zafin da mahaɗa ke iya yi. Idan ta narke ana cikin jan wuta, waya mai wuta za ta zare ta faɗa kan ƙarfen mota. Kada kuma ka shafa wa silin dalma kafin matsewa, domin tana da laushi, a hankali za ta lotsa mahaɗar ta saki. Idan za ka zuba, kaɗan a bakin silin ya isa. Ta yi yawa, sai ta bi cikin waya ta sandarar da ita, wurin ya riƙa karyewa. Ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, dalma guba ce.

Naɗe wuyan da tef, ka jawo robar hannun ta rufe.

Launi ba ado ba ne

Waya ɗaya, kilif ja a wannan kai, ja a wancan kai. Ɗayar kuma baƙi da baƙi. Idan wayoyin biyu a manne suke kuma launinsu ɗaya, bi guda da yatsa tun daga farko har ƙarshe kafin ka matse. Kuskure a nan ba ƙarami ba ne. Wanda ya ari wayarka launi zai bi, kuma idan wuta ta shiga a juye tana iya ƙona altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, da kwamfutar mota, har ma batir ya fashe a fuskar mutum. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka sauya kilif ɗaya ka gama, sannan ka yanke na gaba.

Gwaji

Riƙe kilif da hannu ɗaya, waya da ɗaya, ka ja da ƙarfinka. Idan ta motsa ko kaɗan, sake matsewa. Idan akwai mitar gwajin wuta, sa ta a wurin da take ƙara: ja da ja ta yi ƙara, baƙi da baƙi ta yi ƙara, ja da baƙi kuwa shiru.

Gwaji na gaske a jikin mota ne. Tabbatar duka biyun volt 12 ne. Manyan motocin ɗaukar kaya da yawa volt 24 suke, ba a haɗa su da ƙaramar mota. Cire zobe da agogon ƙarfe, a kashe sigari, domin batir yana fitar da wata iska mai kamawa da wuta. Motocin kada su taɓa juna. Nemi alamar + da alamar − a kan batir, ka karanta su da idonka. Ja na farko a kan + na batirin da ya mutu, ja na biyu a kan + na mai kyau. Baƙi na farko a kan − na mai kyau. Baƙi na ƙarshe kuwa a jikin tsirarar ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir, saboda nan ne tartsatsi ke tashi. Kada kilif ja ya taɓa baƙi. Tada mota mai kyau, a bar ta ta yi 'yan mintuna, sannan a murɗa ɗayar, kada a wuce daƙiƙa 10 a murɗawa guda. In ta tashi, a cire daga na ƙarshe zuwa na farko.

Da ka cire, taɓa wuyan kowane kilif a hankali. Ɗumi kaɗan ba matsala. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi, shi ne bai matsu ba, koma kansa. Idan ruwan batir ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta na minti 15 aƙalla, a wuce asibiti.

Aikin aji

Malami ya kawo tsohuwar waya, kowane ɗalibi ya feƙe bakinta ba tare da ya yanke sili ba. Sannan a rubuta amsar waɗannan a littafi:

1. Waya mai lamba 16 mm² da mai 35 mm², wacce ta fi kauri? To mai lambar Amurka 4 da mai 10 fa?
2. Batir volt 12 ne. Mahaɗa biyu sun saki, kowacce tana cinye volt 2. Nawa zai isa sitata?
3. Rubuta wurare huɗu da ake maƙala kilif, bi da bi, ka zana alamar + ko − inda ta dace.