Yadda Ake Liƙe Bututun Ruwa Na Jan Ƙarfe, Da Wanda Zai Biya Kayan Kariya

Mafi yawan liƙin da ke yoyo, tun kafin a kunna wuta aka ɓata shi. Ko dai ba a goge bututun da kyau ba, ko kuma an bar ruwa a ciki. Shi ya sa zan fi daɗewa a kan shiri.

Fara da kayan kariya: tabarau mai kare ido, safar hannu ta fata, riga mai dogon hannu ta auduga (roba narkewa take ta manne wa fata), allon da ba ya cin wuta, da na'urar kashe gobara kusa da hannu. Idan gidanka kake gyarawa, kai za ka saya. Idan kuwa ɗaukarka aiki aka yi, magana ta canza. Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1981, ta ce matakan kare lafiya a wurin aiki kada su ci wa ma'aikaci ko sisi. A Amurka, hukumar OSHA, mai kula da lafiya da kariyar ma'aikata a wurin aiki, ta wajabta wa masu ɗaukar aiki biyan kuɗin kayan kariya tun 2008, amma ta cire wasu, kamar takalmi mai ƙarfe a baki na gama-gari da ma'aikaci zai iya sawa ya tafi gida. A Birtaniya, dokar kare lafiya a wurin aiki ta 1974 ta hana a caji ma'aikaci kuɗin abin da doka ta ce a ba shi. Ƙasashe sun bambanta, don haka duba dokar inda kake kafin ka yarda a yanke maka daga albashi. Wanda ke aikin kansa kuma, ya saka kuɗin kayan cikin farashin aikinsa.

Sai wayar liƙi, wato wayar da ake narkarwa da wuta ta cike haɗin bututu. Ta da, rabi kuza ce rabi dalma, tana da daɗin aiki amma guba ce a ruwan sha, musamman ga yara. Amurka ta haramta ta a bututun ruwan sha a 1986, ta kayyade dalmar da ke cikin wayar kada ta wuce kashi 0.2 cikin ɗari. Nemi wadda aka rubuta babu dalma, galibi kuza ce da ɗan jan ƙarfe ko azurfa, tana narkewa wajen digiri 230 a ma'aunin Salshiyas. Kada ka ɗauko wayar gyaran rediyo. Man liƙi ma, wanda ake shafa wa ƙarfen don wayar ta kama, ya zama wanda aka yi don bututun ruwan sha.

Yanzu rufe babban famfo, ka buɗe na sama da na ƙasa ruwan ya tsiyaye. Nan ne mutane ke gaggawa. Muddin da ɗigon ruwa kusa da mahaɗin, wato guntun ƙarfen da ake zura bakin bututu a ciki, shi zai riƙa shanye zafin, ya zama tururi ya turo narkakkiyar wayar waje. Ka ƙona gas har ka gaji, ba za ta kama ba. Idan ɗigon ya ƙi tsayawa, akwai tsohuwar dabara: a cusa tsakiyar farin burodi cikin bututun ya tare ruwan na 'yan mintoci, daga baya ruwa ya narkar da shi. Tana aiki, amma ka cire rariyar bakin famfo kafin ka sake ruwan, in ba haka ba ta toshe. Ka kuma bar famfo ɗaya a buɗe don tururi ya sami mafita.

Yanka bututun da abin yanka mai faifai, ka riƙa ƙara matsewa kaɗan-kaɗan a kowane zagaye don kada bakin ya lotse. Kankare kaifin da ya lanƙwasa ciki.

Goge wajen bututun da samfefa, cikin mahaɗin kuma da buroshin waya, har jan ƙarfen ya yi ƙyalli. Daga nan kada yatsa ya taɓa wurin, maiƙon hannu kaɗai ya isa ya hana kamawa. Shafa man liƙi sama-sama a ɓangarorin biyu, ka tura bututun har ya ci tura, ka ɗan murɗa, ka share abin da ya fito. Mai da yawa ba gwaninta ba ce, wanda ya taru a ciki cin ƙarfen yake a hankali.

Sa allon kariya tsakanin bututu da katako ko bango, ka kunna wutar gas. Ga inda dabarar take: mahaɗin ake gasawa, ba wayar ba. Riƙa yawo da wutar kewaye da shi har man ya fara tafasa, sannan ka dangwala wayar a bakin haɗin ta ɓangaren da ba wuta. Idan ba ta narke ba, janye ta ka ƙara zafi. Idan zafi ya kai, za ka ga ta narke ta shige ɗan tsagin da kanta, kamar yadda lagwani ke jan mai, ko da haɗin sama yake kallo. Janye wutar. Bututu mai faɗin rabin inci, wayar da ta kai kamar rabin inci zuwa uku bisa huɗu ta ishe shi. Da zarar zobe mai haske ya kewaye bakin, tsaya. Idan ƙarfen ya yi baƙi, ka ƙona man, sai ka raba ka goge ka sake daga farko. Idan bawul, wato abin buɗe ruwa da rufe shi, kake liƙawa, buɗe shi ko ka cire robar cikinsa.

Kada ka motsa haɗin, kada ka watsa masa ruwa, bar shi ya huce da kansa. Share ragowar man da jiƙaƙƙen tsumma, in ka bari kore zai fito. Buɗe babban famfo a hankali, ka shafa busasshiyar takarda a haɗin ka ga ko za ta jiƙe, ka bar ruwan ya zuba na 'yan mintoci kafin a sha. Ka kuma dawo bayan rabin awa ka shafa katakon da ke kusa, domin wutar da ta shiga tsagi tana iya cin ciki shiru ba hayaƙi.