Yadda za ka gano ɗan dodon koɗin da ke cin 'yan uwansa

Yawancinmu in an ce dodon koɗi mun ɗauka ganye kawai yake ci, to wallahi akwai masu cin nama, kuma ƙanana ne sosai, wasu ba su wuce ƙwayar shinkafa ba. Masana na kiran danginsu Streptaxidae, a Afirka suka fi yawa, dazukan kudancin Najeriya da Kamaru cike suke da su. Nan arewa kam rani ya yi musu tsanani, sai dai ka gwada sa'a a lambu ko bakin rafi.

Da damina za ka fita, da sassafe bayan an kwana ana ruwa. Ka riƙe farin faranti da rariya da 'yar roba mai murfi. Ka ɗaga bulo ko ruɓaɓɓen icce, amma don Allah da sanda, kunama ma can take kwana. Sai ka ɗebo ruɓaɓɓen ganye haɗe da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ka tankaɗe a kan farantin ka zauna ka jira, gaggawa ba ta aiki a nan.

Ga inda daɗin yake. Kunna kyamarar wayarka ka jawo hoton kusa ka duba bakin katantanwar. Irin waɗanda ake kira Gulella za ka ga wasu 'yan haƙora sun kusa toshe ƙofar, katantanwar fara ce mai sheƙi har kana hango jikin ta ciki, jikin kuma sau da yawa ja ne ko ruwan ɗorawa, abin gwanin kyau. Akwai Gulella bicolor, tsawonsa wajen milimita 7, ya bazu ƙasashe masu zafi tun daga Indiya har tsibiran Karibiyan.

In kana son ganin farautarsa, shimfiɗa jiƙaƙƙen ganye a robar, huda murfin, saka masa wani ɗan dodon koɗi mai cin ganye, ka ajiye a inuwa ka leƙa da dare da tocila. Kai yake zurawa cikin katantanwar ɗayan yana yagar nama da harshensa mai tsinin haƙora, har ya bar ta fayau.

Kwana biyu ya isa, ka mayar da shi daidai inda ka ɗauko, kar ka kai shi wani gari. A 1955 an kai wani babba mai cin nama, Euglandina rosea, daga Fulorida ta Amurka zuwa tsibirin Hawai don ya cinye ƙaton dodon koɗin Afirka da ya addabi gonaki, sai ya koma kan na bishiyoyin tsibirin, nau'o'i da dama suka ƙare ƙaf, abin yana min ciwo har yau.

Ka wanke hannu da sabulu in ka gama, dodon koɗi kan ɗauko tsutsar cuta daga kashin ɓera.