Darasi na 7: Zaɓen Furen da Za a Shuka Don Yanka

Lambun fure na yanka daban yake da furen ƙofar gida. A nan ana shuka fure ne don a yanke shi da karansa, a sa a kwalba, ko a kai wa masu adon wurin biki da otal. Don haka kyawun hoton da ke bayan takardar iri bai isa hujja ba. Kafin ku sayi iri, ku duba abu uku: tsawon kara, kwana nawa furen zai yi a ruwa bayan an yanke, da kuma ko zai jure zafin garinku.

Kara ya kai aƙalla kamu 1, wato kimanin santimita 45. Iri da yawa da ake sayarwa gajeru ne, an yi su ne don tukunya. Ku karanta tsawon shukar gaba ɗaya da aka rubuta a takardar. Idan bai kai santimita 60 ba, ku bar shi.

Ga gwajin da ba ya cin kuɗi. Ku roƙi kara 3 a wurin mai lambu, ku sa a ruwa a inuwa, ku ƙirga kwanaki. Furen da ya kai kwana 7 ya ci jarrabawa. Babban jan furen nan na shinge, ɗan'uwan zoɓo, yini ɗaya yake yi ya langaɓe, komai kyansa. Bugenbiliya, mai hawa katanga da furanni kamar takarda, ita ma tana saurin yaushi.

Wanda zai fara a wuri mai zafi irin Kano, Katsina ko Maraɗi, ya fara da zinniya, wani fure mai launi iri-iri. Tana tsirowa cikin kwana 5 zuwa 7, ta yi fure cikin kwana 60 zuwa 70. A shuka ta kai tsaye, a bar tazarar taƙi 1 da ɗan ƙari, santimita 25, tsakanin gindi da gindi. Idan ta kai tsawon santimita 25, a tsinke kanta a saman ganye. Za ta jefo rassa masu dogon kara maimakon fure ɗaya tak. Sabbin manoma kan ji tausayin tsinkewa, amma nan ribar take. Zinniya tana ƙara fure gwargwadon yadda ake yankanta. Sai dai tana da wayo wajen nuna: ku kama karan taƙi 1 ƙasa da furen ku girgiza. Idan wuyan ya yi lilo, bai ƙosa ba, zai sunkuya a kwalba. Idan ya tsaya ƙyam, a yanka. Ciwonta shi ne farar ƙura da ɗigo-ɗigo a ganye, musamman idan an cunkushe ta ko ana watsa ruwa ta sama da yamma. A zuba ruwa a gindi, da safe.

Sai silosiya, 'yar'uwar alayyafo, mai fure kamar zankon zakara ko kamar gashin tsuntsu. Irinta ƙanana ne ƙwarai, kada a binne shi da zurfi. A yayyafa, a danna da tafin hannu. Takan ɗauki kusan kwana 90. Idan dashenta ya daɗe a ƙaramar leda ko ya sha ƙishirwa, sai ta yi fure tun tana gajera, kuma ba ta gyaruwa. Gamfirina, mai ƙananan kawuna kamar maɓalli, ita ce mafi haƙuri da rana, kuma ko ba a sayar ba ana iya rataye ta kai ƙasa a inuwa ta bushe da launinta. Marigol dogo, mai fure ruwan ɗorawa, shi ma yana yi, amma warin ganyensa ba kowa ke so ba, sai a zage ganyen duka kafin a kai wa mai saye.

Furen rana, wanda wasu ke kira sanfulawa, lissafinsa daban ne. Irin mai kara ɗaya sau ɗaya ake yankansa, cikin kwana 55 zuwa 65, shi ke nan. Saboda haka a riƙa shuka layi ɗaya duk mako 2. A matse shi, tazarar santimita 15, don kan ya fito madaidaici. Idan aka ba shi fili sai ya yi kai kamar faifai da kara kamar na dawa, ba kwalbar da za ta ɗauka. In da hali a nemi irin da ba ya zubar da garin fure, don kada ya ɓata mayafin tebur.

Wardi fa? Kowa shi yake tambaya. Yana son sanyin dare, shi ya sa yake kyau a Jos, inda tudun ya haura mita 1,200. A ƙasa mai zafi zai rayu, amma a bazara furen kan ƙanƙance, karan ya gajarta. Mai koyo ya jinkirta shi.

A fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3, inda rana ke samu awa 6 ko fiye, ana iya ba zinniya rabi, a raba sauran tsakanin silosiya da gamfirina. A gauraya bokiti 3 na ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. A damina a ɗaga fangalin don kada ruwa ya kwanta, a rani a yi shi komi don ya riƙe ruwa. Kar a manta da abin cike gurbi: reshen zoɓo mai jajayen ƙwanso da ɗoɗɗoya mai ƙanshi suna cika dami, kuma irinsu na nan a gida.

A yi yanka da sassafe da wuƙa mai kaifi, bokitin ruwa na kusa. A cire duk ganyen da zai nutse, domin shi ke ruɓewa ya toshe karan. A cikin ruwa lita 1 a sa cokalin shayi 1 na sukari, 2 na ruwan lemun tsami, da ɗigo 3 ko 4 na bilic ɗin wanki. A sauya ruwan duk kwana 2, a rage gindin karan kaɗan.