Yadda Ake Tantance Tsohon Katin Andy Cohen na Shekarar 1933

Masu sabon shiga harkar tara katunan 'yan wasan besbol na Amurka sukan ɗauka cewa katin ɗan wasan da bai yi suna ba ba ya bukatar bincike, tunda masu buga jabu sun fi bin shahararrun 'yan wasa irin su Babe Ruth. Wannan tunani shi ke sa su asara a kan katin Andy Cohen, Bayahuden da ya buga wa ƙungiyar New York Giants tsakanin 1926 da 1929, wanda ya gaji gurbin shahararren ɗan wasa Rogers Hornsby a ƙungiyar a 1928, domin akwai masu tara katunan 'yan wasa Yahudawa kaɗai, kuma bukatarsu ta ba katin daraja.

Da farko a tabbatar da abin da ake nema. Kamfanin cingam na Goudey da ke Boston ne ya fitar da shi a cikin jerin kati 240, lambarsa 52. Rubutun bayansa da koren tawada aka buga shi, takardar kuma tana da kauri. A sa gilashin ƙara girma a kan haruffan: na asali tawadarsu a cike take, na injin zamani kuwa sukan tarwatse su zama ɗige-ɗige masu launi daban-daban. Sannan a haska shi da fitilar nan da ake duba jabun kuɗi. Takardar zamani takan yi ƙyallin fari mai shuɗi-shuɗi saboda sinadarin da ake sa mata, ta 1933 ba ta yi. Fitilar ba ta da tsada, ba dalilin barinta.

Inda aka fi faɗuwa shi ne awo. Katin na iya zama na gaske, amma wani ya sa reza ya aske gefunansa don kusurwoyin su fito da kaifi kamar sabo. Faɗinsa inci 2 da 3/8 ne, tsawonsa inci 2 da 7/8, wato kusan santimita 6 da 7.3. A auna da rula ta ƙarfe, sama da ƙasa, hagu da dama, ba sau ɗaya a tsakiya ba, domin mai aski ba safai yake yanka daidai ba. Ɗan bambancin awo daga masana'anta ba abin mamaki ba ne, don haka awon kaɗai bai isa ba. Sai a karkata katin a dubi kaurin gefen. Gefen da ya shekara casa'in yakan yi duhu iri ɗaya da sauran takardar, wanda aka yanka kwanan nan kuwa yakan fi haske da santsi. A ganina, katin da kusurwoyinsa suka dakushe ya fi wanda ya yi kyau fiye da shekarunsa, kuma duk wanda ke sayen farko ya tsaya a kan wanda kusurwoyinsa suka dakushe.

Idan daga nesa ake ciniki, a nemi hoton gaba da baya, kuma a fifita wanda kamfanonin tantance katuna irin su PSA ko SGC suka riga suka duba suka rufe a gidan roba da makinsa daga 1 zuwa 10, ko da kuɗin ya ƙaru.

Ajiya ba wuya. A sa shi a leda mai laushi, sannan a gida mai tauri, nesa da rana da laima. Kada a goge shi da ruwa, kada a manna masa salatif.