Yadda Ake Tuƙa Buɗaɗɗiyar Mota da Asubar Hunturu

Duk wanda ya taɓa hawa bayan a-kori-kura da asubar Alhamis zuwa kasuwar Maigatari, a watan Disamba ko Janairu, ya san sanyin tasha daban, na kan hanya daban. Ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15 a yankinmu kafin fitowar rana, amma abin da ke sa haƙora kaɗawa iska ce. Jiki yana ɗumama 'yar iskar da ke manne da fata, gudun mota kuma ya yi ta kwashe ta. Direba yana gaba, gilas a rufe, bai san ana yi ba. Da ɗan'uwana direba nake magana.

Da farko, tun da dare ka ɗaura tampol a jikin ƙarfen bodi. Ka rufe gaba da gefuna biyu, ka ƙulle da igiya sosai, don tampol mai kaɗawa ya fi babu cutarwa. Baya kuwa ka bar shi a buɗe. Kada ka yarda a toshe ko'ina, domin hayaƙin salansa yana lallaɓowa ya taru a ciki, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Sai dai mutum ya fara jin ciwon kai da jiri. Saboda wannan dalili, da kuma gudun gobara, ba a hawa da kaskon garwashi, ko wa ya roƙa.

Sai tsarin zama. Wurin da iska ta fi sauƙi shi ne jikin kan mota, mutum ya jingina, ya ba gaba baya. Nan ne wurin mata da yara. Tsoho da mai goyo su shiga gaba kusa da kai, ko da wani mai shanu ya riga su biya. Ka ce masa, "Alhaji, yi haƙuri, a bar wa Baba nan." Da wuya ya ƙi. Buhuna a jera su ta gefe su zama katanga, matasa su zauna can baya.

Ka duba shigar fasinjanka kafin ka tayar. Riga biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai nauyi riƙe ɗumi. Kunne da wuya da yatsu ne ke fara mutuwa, don haka hular sanyi, rawani ko mayafi a rufe har hanci, ga safa. Man kaɗanya a leɓe da ƙafa yana hana kaushi da tsagewa.

A kan hanya, sassauta ƙafa. Yadda ka ƙara wuta haka sanyi ke ƙaruwa a baya, ga hazo yana ɓoye amalanken shanu da masu keke da ba su da fitila. Kunna ƙaramar fitila, babbar tana dawo maka da haske ido ne kawai idan ƙura ta yi kauri.

In tafiyar ta kai awa guda, tsaya wurin mai shayi ko mai koko da ƙosai, kowa ya sauka ya miƙe ƙafa. Leƙa fuskokin yaran. Wanda ke rawar ɗari, jikinsa na faɗa da sanyin ne. Wanda ya yi laƙwas, ya daina karkarwa, yana gyangyaɗi ko maganarsa na sarƙewa, shi ne abin tsoro. Shigar da shi gaba, a lulluɓe shi, in yana iya haɗiya a ba shi abu mai ɗumi, in bai warware ba ka nufi asibiti mafi kusa kafin kasuwa.