Turancin arewacin Ingila: kurakuran da baƙo ya fi yi

Wata tsohuwa da nake kula da ita a wani gidan tsofaffi kusa da birnin Leeds a arewacin Ingila ta taɓa kama hannuna da yamma, ta ce, "I'm starved." Na ɗauka yunwa take ji, na ruga kicin na haɗo mata shayi da biskit. Ta dubi farantin ba ta taɓa ba, sai jan rigar sanyinta take yi tana rufe wuya. Abokiyar aikina 'yar garin ce ta shigo, ta ɗauko bargo ta lulluɓe ta. Ashe a bakin tsofaffin Yorkshire da Lancashire wannan kalmar sanyi take nufi. Kusan minti ashirin baiwar Allahn nan tana rawar ɗari a gabana, ni kuma ina ta lallashinta ta ci biskit. Har yau abin yana damuna.

Tushen yawancin kurakuranmu ɗaya ne: mun ɗauka Turancin makaranta da na labaran BBC shi kowa yake yi. Ingila ma tana da nata Sakkwatancin da Katsinancin. Basakkwace zai ce yaro "yana kwana" a inda Bakano zai ce yana barci, kuma ba wanda ya yi kuskure a cikinsu. Tsakanin 1950 da 1961 masana daga Jami'ar Leeds, ƙarƙashin Harold Orton, sun zaga wurare 313 suna rubuta yadda tsofaffin ƙauye ke magana, saboda yawan bambancin. Wasu kalmomin sun mutu, amma da yawa suna nan a bas, a shago, a gadon asibiti.

Mu fara da gaisuwa. Mutum zai wuce ka ya ce "You alright?" Baƙo sai ya tsaya zayyana ciwon kansa, ko kuma ya tsargu, yana tunanin an ga alamar rashin lafiya a fuskarsa. Gaisuwa ce kawai, kamar "ina gajiya" da ake amsawa da "ba gajiya" ko da ƙafa ta kumbura. Ka ce "Alright, you?" ka wuce. "Ey up" na Yorkshire da Nottingham ma sannu ce.

Akwai wanda ya fi wannan tayar wa 'yan'uwanmu mata hankali. Direban bas zai miƙo miki tikiti ya ce "love". A Newcastle "pet" za ki ji, a Nottingham da Derby da Stoke kuma "duck", wato agwagwa, kuma har namiji ana ce wa haka. Can kudu maso yamma, wajen Bristol da Devon, mai shago za ta iya ce wa baƙon da ba ta taɓa gani ba "my lover". Ba neman mata ba ne, ba raini ba ne. Kamar dattijo ne a kasuwa ya ce miki 'yata ko ƙanwata. Shawarata dai, a karɓa da fara'a amma kada a yi gaggawar mayarwa, musamman namiji ga mace a wurin aiki. A bakin baƙo kalmar takan yi wani nauyi dabam.

Maganar lokaci kuwa tana iya jawo wa mutum takardar gargaɗi. A Yorkshire "while" tana nufin "har zuwa", don haka in an ce aikinka "nine while five" ne, daga tara na safe ke nan zuwa biyar na yamma. "Half five" biyar da rabi ce. A arewa "dinner" abincin rana ne, "tea" kuma na yamma, wajen ƙarfe biyar ko shida. Wanda aka gayyata "tea" ya cika cikinsa a gida don yana zaton ruwan shayi ne, zai tarar da tebur cike ya kunyata mai gida. Kuma in an ce a ba majiyyaci magani bayan "dinner", ka tambayi ƙarfe nawa ake nufi, kada ka yi zato. Mutumin Cornwall, can kudu maso yamma, in ya ce zai yi abu "dreckly", asalin kalmar "nan take" ne, amma a aikace "sai an jima" ce marar ranar cika.

Inda na fi so masu aikin jinya su buɗe kunne shi ne maganar jiki. Tsohon Bature ba ya son bayyana ciwo ƙarara, kamar dai tsofaffinmu da za su ce "da sauƙi" alhali jiki ya yi tsanani. "Poorly" rashin lafiya ce. "I'm badly" ma haka, ba wai ya aikata laifi ba. In ya ce ya yi "a funny turn", babu abin dariya a ciki: jiri ne ya ɗebe shi ko ya ji kamar zai suma, kuma wajibi ne ka sanar da babbar ma'aikaciyar jinya nan da nan. "Spend a penny" neman zuwa banɗaki ne, ya samo asali daga lokacin da ake jefa kwabo a ƙofar banɗakin jama'a. Tsohuwa mai kunya ba za ta maimaita ba, za ta yi shiru har ta ɓata jikinta, kuma wannan kunyar ta fi mata ciwon zafi. "I don't want to mither you" na nufin ba na son in dame ka, kuma sau da yawa mai faɗin haka shi ya fi buƙatar a duba shi. "Nesh" mutum ne mai saurin jin sanyi, mu da muka taso a rana kuwa kullum da ita ake tsokanarmu.

Wasu kalmomin kamar zagi ko mugun labari suke, alhali yabo ne. "Dead good" ya yi kyau matuƙa. Ɗan Liverpool in ya ce "made up", murna ce ta cika shi, ba ƙarya ya shirya ba. A Newcastle "canny lad" yaron kirki ne, ko da yake a wasu wuraren kalmar wayo take nufi. "Our kid" a Manchester ɗan'uwa ne, wa ko ƙane, ko da ya yi furfura. "Nowt" babu komai, "owt" wani abu.

Kuskuren da ya fi ɓata zumunci shi ne ɗaukar wannan magana a matsayin gurɓataccen Turanci, har mutum ya fara gyara wa mai gari harshensa. "Bairn", wato yaro, ta girmi Turancin da muka koya a aji. Mayaƙan Viking, mutanen yankin Denmark da Norway, sun ci birnin York a shekarar 866, kuma daga harshensu aka gaji "beck" ta ƙorama da "laik" ta wasa. Ɗan Newcastle da ya ce zai tafi "hyem", gida yake nufi, kusan yadda mutanen Denmark da Norway ke faɗa. Mutanen nan suna alfahari da harshensu, kuma sun daɗe suna jin haushin masu yi musu kallon ƙauyawa saboda shi.

Gyaran da ya yi mini aiki shi ne na daina gyaɗa kai in ban gane ba. Ina maimaita abin da na fahimta da Turanci mai sauƙi: sanyi kike ji, ko yunwa? Banɗaki za ki? Ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba, yawanci ma daɗi suke ji su bayyana. Na kuma ajiye ƙaramin littafi a aljihu ina rubuta kalma da garin mai faɗinta. Lokacin miƙa aiki ga mai karɓata, nakan rubuta maganar majiyyaci yadda ta fito daga bakinsa, sannan ma'anar da ya tabbatar mini da ita, don ma'aikacin dare, wanda sau da yawa shi ma baƙo ne, kada ya kai biskit inda ake neman bargo.