Shisha mai caji tana kamawa tana saki? Ga yadda nake binta a teburina

Ni mai gyaran waya ne, teburina yana wajen Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina. Ba na busa komai, ko taba ko shisha, amma 'yan shekarun nan samari sun mai da ni likitan shisha mai caji, wadda wasu ke kira sigarin lantarki. Hujjarsu wai tunda tana da batir da wurin caji, ai ƙanwar waya ce. Kukan kuma kusan ɗaya ne: "Oga, wani lokaci ta kawo, wani lokaci ta ƙi." Mu a bakin aiki fashal kontak muke ce wa wannan, wato ƙarfe biyu da ya kamata su manne sun koma gaisuwar nesa. Yawancin waɗanda ake kawo mini ko fanel ɗinsu, wato allon kayan wutar da ke ciki, ba na buɗewa. Gogewa ce da ɗaurewa, aikin da mai ita zai iya yi a ɗakinsa.

Wutar daga batir take fitowa, ta bi ta fanel, ta hau fil ɗin da ke saman jikin, ta shiga gindin tankin da ake zuba ruwan shishar a ciki, sannan ta isa kwayil, siririyar wayar nan da ke yin zafi ta mai da ruwan tururi. Mahaɗa uku ke nan: batir da mazauninsa, jiki da tanki, tanki da kwayil. A ɗayansu wutar ke yankewa, kuma kafin ka kwance komai za ka iya gane wanne ne.

In taka mai sikirin ce, dubi lambar da ke kusa da alamar Ω, ita ce awon yadda kwayil ke tare wuta. A jikin kwayil an rubuta nasa, a ce 0.4. Danna maɓalli kaɗan ka saki, ka ga ko abin da ta nuna yana kusa da hakan. Sai ka riƙe tankin ka ɗan karkata shi hagu da dama, ka sake dannawa. In lambar ta yi tsalle zuwa 0.9, ta dawo, ta haura 1.5, ko ta rubuto "No Atomizer" ko "Check Atomizer", to matsalar a sama take, tsakanin jiki da kwayil. In kuwa sikirin ɗin ne gaba ɗaya ke mutuwa da zarar ka ɗan buga ta a tafin hannu, bar tanki ya huta, ka nufi batir. Da ka gane ɓangaren, kashe ta. Yawancinsu danna maɓalli sau biyar da sauri ne ke kashe su. In batirin na fita ne, cire shi.

Fara da kwayil, don shi ya fi sauƙi. Duk kwance tanki da kake yi don zuba ruwa yana iya sassauta shi. Ciro shi, goge gindinsa da tishu, ka mayar ya zauna daram. In kana da wani sabo, gwada shi, domin kwayil na iya mutuwa ta ciki ba tare da ido ya gani ba.

Inda aikin yake shi ne ramin da ake murɗa tanki a ciki, wanda masu sayarwa ke kira 510. A tsakiyarsa akwai fil, a gindin tanki ma akwai wani, su biyun ne ke haɗuwa. Yanayin garinmu nan ya fi yi wa illa. Zafin watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, yana tsinka ruwan ya zama kamar ruwan shayi, sai ya bi ramukan iska ya gangaro cikin ramin, musamman in an bar ta kwance a mota ko a aljihun mai mashin. Hunturu ya zo da ƙurarsa, ta haɗu da wannan danƙo, sai ka tarar da wani baƙin laka ya lulluɓe fil ɗin. Samo audugar goge kunne, ka ɗan jiƙa ta da sifirit na kemis, ka goge ramin da zaren murɗin da gindin tankin har auduga ta daina fitowa da datti. Ban ce ruwa ba, ban ce fetur ba. Ka ba ta kamar minti goma ta bushe.

Bayan nan ɗauki tsinken sakace ka danna fil ɗin. A na zamani akwai sifirin a ƙarƙashinsa, don haka ya kamata ya nutse ya dawo da kansa. In ya nutse ya zauna, danƙo ne ya riƙe shi: ɗiga masa sifirit ɗigo ɗaya, ka yi ta dannawa a hankali har ya sake. Tsofaffin nan sirara masu kama da biro ba su da sifirin, fil ɗinsu kan wata 'yar farar roba yake zaune, kuma yawan matsa tanki ne ke tura shi ƙasa. Ana iya ɗago shi da bakin ƙaramin sukudireba, kaɗan daga nan kaɗan daga can, bai wuce kaurin farce ba. Amma ka kiyayi robar. Ita ce ta raba fil da jikin ƙarfen, in ta yage wuta za ta haɗu, mai sikirin ta rubuto "Short", wannan kuwa ya wuce gyaran ɗaki.

Wani ɗan acaba daga Batagarawa ya taɓa kawo mini tasa, tanki ya ƙi fita sai da na sa tsumma. Na ce, "Malam, da mi ka ɗaure wannan?" Ya ce da filaya, wai don ta daina saki. Ashe matsin ne ya danne sifirin ɗin har ya mutu. Yatsa biyu sun isa: ka murɗa, da ta tsaya ka tsaya.

Ƙananan nan da ake cusa musu kai, maganaɗisu ya riƙe, nasu ya fi sauƙi. Zare kan, za ka ga fil biyu masu ruwan gwal a cikin ramin, yawanci da gumin tururi kwance a kansu. Goge su, ka goge gindin kan, ka danna kowane fil ka ga yana dawowa. Ka kuma leƙa maganaɗisun da fitilar waya. Wani yaron mai walda ya sha zuwa wurina, kullum abu ɗaya: garin ƙarfe daga aljihunsa ya manne a wurin, ya hana kan zama daidai. Waɗanda ba su da maɓalli, zuƙa ce ke kunna su, akwai wata 'yar na'ura a ciki mai kama da makirfon waya da ke jin jan iska. Ruwa in ya shige ta, sai ta riƙa kamawa tana saki. Juya bakin ramin ƙasa, ka karkaɗe a kan tishu, ka bar ta ta kwana. In ta fara kunna kanta ba wanda ya zuƙa, ka daina amfani da ita, kada ma ta kwana kusa da katifarka.

Wadda caji ne ke shiga yana fita, gwada wata wayar cajin tukuna. In bai yi ba, zaren aljihu ne ya toshe ramin, sakace shi da tsinke, ba da allura ba.

Saura batir, kuma a nan ba na wasa. Mai fita ɗin yawanci 18650 ne, wato faɗin milimita 18, tsawon 65. In ya cika mita kan nuna bolt 4.2. Wanda ya tsufa zai nuna a cike, amma kana danna maɓalli sai ƙarfinsa ya faɗi, na'urar ta yanke ta ce batir ya yi rauni. Wannan canji kawai yake so. Goge kansa da gindinsa da mazauninsa da busasshiyar auduga, ka duba ko murfin yana rufuwa gam. Sannan ka juya shi ka duba ledar jikinsa. Duk gwangwanin jikin batirin ɓangaren wuta ɗaya ne, ɗan kan da ke sama ne kaɗai ɗaya ɓangaren, ledar ce da wani zobe suka raba su. In ta yage, musamman ta sama, ajiye shi, salatif ba ya maganin wannan. Kada ka cusa takarda mai ƙyalli don cike gibi, kada ka sa na tocila ko wanda aka ɓalle daga batirin laftof don girmansu ɗaya, ba a yi su don jan wuta mai yawa haka ba. Kada kuma ka jefa shi tsirara a aljihu tare da makullai. Wanda ya kumbura ko ya lotsa, ko yake zafi ba aiki, ya gama.

In ka bi duk wannan tana nan tana saki, to wayar ciki ce ta ɓalle daga gindin fil, ko maɓalli ya cinye. Wannan sai dalma, kawo ta. Waɗanda ake yarwa in ruwansu ya ƙare ba na buɗe su, batirinsu laushi gare shi, bakin sukudireba na iya huda shi. Yaron da na gani da kayan makaranta kuwa, nikotin ɗin da ke ciki kama mutum yake kamar na taba, don haka nakan miƙa masa abarsa in ce ya turo babansa.